A Wasulan Ingilishi, Ji Ya Kori Gani

Ya ku 'yan makaranta, na gwamnati da na mishan, akwai wata magana da a ke koya muku tun kuna ƙananan aji, kuna rera ta kamar waƙa, malam yana buga tebur da rula: wai wasulan Ingilishi biyar ne, a, e, i, o, u. Yau ina so in ƙaryata maganan nan a gabanku. Ba nufina in zubar da girman malamanku ba, don su ma haka aka koya musu. Abin da ya sa, ta daɗe tana ɓata bakin yara, ba kuwa wanda ya tsaya ya tuhume ta. Haruffan wasali su ne biyar. Wasulan kansu, watau muryoyin da ke fita daga bakin mutumin kudancin Ingila in yana magana, ashirin ne a lissafin da littattafan koyar da furuci suka saba bi, goma sha biyu tilo, takwas tagwaye. Wanda ya ce maka harafi da murya abu ɗaya ne, daidai ya ke da wanda ya ƙirga sirdi biyar a zauren sarki ya ce dawakin sarki biyar ne, alhali ashirin ne a barga, ana ɗaura musu sirdin nan bi da bi.

Kada ku karɓi maganata don na faɗa, ku gwada da kanku. Ɗauki harafin farko kaɗai, watau a, ka sa wanda ya iya ya karanta maka kalmomin nan: cat, father, call, late, want, many, care, village, about. Kalma tara, harafi ɗaya, murya tara, ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Sa'an nan ka juya abin, ka ɗauki murya ɗaya, watau doguwar i, ka duba yawan rigunan da ta ke sakawa: see, sea, these, field, receive, key, people, machine, quay. In kuwa har yanzu kana shakka, kafa baƙin b a farko, baƙin d a ƙarshe, ka riƙa sauya abin da ke tsakaninsu: bead, bid, bed, bad, bud, bard, bird, board, booed, bayed, bide, bode, bowed, buoyed, beard, bared. Kalmomi goma sha shida ke nan, kowace da ma'anarta, ba abin da ya raba su a bakin mutumin Landan sai wasali, don shi ba ya furta r ɗin da ka gani a cikin waɗansunsu. To, yaron da aka ba wasali biyar aka ce ya shiga kasuwan nan, da me zai yi ciniki? Dutsen ado da gemu da tsuntsu da katako duk sai su tarar masa a kalma biyu ko uku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dukan da a ke yi wa yaro a kan wannan. An koya masa home, ya ga come, ya karanta ta bisa ƙa'idar da aka ba shi, sai a kai masa rankwashi. An koya masa but, ya ga put. An koya masa paid, ya ga said. An koya masa food, ya ga good, bai gama farfaɗowa ba ya ga blood. Yaron nan hankali ya bi, rubutun ne bai bi hankali ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza, kuma ya kamata ku san mafarin abin, don wanda ya san asalin cuta ba ya zargin maita. Haruffan nan ba don Ingilishi aka ƙago su ba. Na Rumawa ne, an yi su don harshen Latin, wanda wasulansa biyar ne gajeru da biyar dogaye, saboda haka rigar ta zauna masa daidai. Masu wa'azin Kirista da suka shiga Ingila, waɗansu daga Rum a shekarar 597, waɗansu daga Ailan, su suka yaɗa haruffan a can, aka sa wa Ingilishi rigar aro. Mutanen farko sun yi ƙoƙarin buɗe ta, har suna da wani harafi na a da e a manne, don muryar da ke cikin cat. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sarauta da shari'a suka koma Faransanci, marubuta suka shigo da al'adun rubutun Faransa, harafin nan ya ɓace. Har wa yau, a rubutun hannu na zamanin, haruffan u da n da m duk 'yan sanduna ne a jere, in sun haɗu ido ba ya raba su. Sai marubuta suka riƙa sa o a gurbin u don sauƙin karatu. Shi ya sa ka ke ganin come, some, son, love, monk da o, alhali ba wanda ya taɓa furta o a cikinsu. Dabarar magatakarda ce ta shekara ɗari bakwai da suka wuce, ita a ke dukan yaro a kanta yau.

Amma babbar ɓarna tana gaba. Tsakanin wajen shekarar 1400, shekarar da mawaƙinsu Chaucer ya rasu, da wajen 1700, dogayen wasulan Ingilishi duk suka yi ƙaura. Wani masani mutumin Denmak, Otto Jespersen, shi ya raɗa wa abin suna a 1909, ya kira shi babbar ƙaurar wasula. Ku ɗauka wasulan nan mutane ne a tsaye bisa tsani, mai buɗe baki sosai a ƙasa, mai ɗaga harshe sosai a sama. Sai kowa ya hau mataki na gaba. Biyun da ke can ƙoli, watau doguwar i da doguwar u, da ba su da wurin hawa, suka zame gefe suka zama tagwaye, ai da au. Kalmar time a bakin Chaucer tana da i irin ta cikin “jika” ɗan ɗa, yau ta koma taim. Kalmar house da huus a ke cewa, har yanzu kuwa haka waɗansu mutanen Sikotlan ke faɗinta, amma a Landan ta zama haus. Kalmar moon tana da o irin ta “goro”, shi ya sa aka rubuta o biyu don a nuna tsawonta, yau ta zama muun. Kalmar meet tana da e irin ta “leƙa”, yau ta zama miit. Kalmar name kuwa, da za ku ji ta a bakin Chaucer, da kun rantse mahauci ne ke tallan nama.

Ana cikin ƙauran nan, William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster, a shekarar 1476. Injin ya kama rubutu ya fara daskarar da shi tun baki bai gama tafiya ba. Kafin Samuel Johnson ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1755, rubutu ya kusa tsayawa cik inda ya ke yau. Kiɗa ya sauya, rawa ba ta sauya ba. Rubutun Ingilishi da ku ke gani hoton bakin mutanen da suka mutu shekara ɗari biyar ne, ba na masu rai ba. Dubi e da a in sun haɗu: meat, great, bread, heart, learn, bear, ear, murya bakwai. Da can meat da meet furucinsu dabam ne, shi ya sa rubutunsu ya bambanta. Daga baya meat ta ci gaba da tafiya har ta cim ma meet, amma great da break da steak suka tsaya a hanya suka ƙi bin ayari. Ƙauran nan ce kuma ta sa Ingilishi ke kiran harafin a ei, harafin e ii, harafin i ai, alhali Bahaushe da Bafaranshe da Bajamushe da mutumin Italiya duk sun yarda a ita ce a, i ita ce i. Yaron da ya fara da bokon Hausa ya kan ɗauka shi ne ya ɓata hanya in ya shiga ajin Turanci. A'a, shi ne a kan tsohuwar hanya, masu harshen su suka ratse.

Yanzu bari in juyo kan masu cewa wai harshen Bahaushe nauyi gare shi, ba ya iya wasulan Turawa. Wannan magana ce ta wanda bai saurari harshen uwarsa ba. Mu ma ba wasali biyar gare mu ba, goma sha biyu ne: biyar gajeru, biyar dogaye, da tagwaye biyu, ai da au. Wanda ya fasa tulu da wanda ya fasa tafiya, a boko rubutunsu ɗaya, a baki dabam. Haka mai dafa tuwo da mai dafa kafaɗa, haka garin Kano da garin dawa, haka wanda ya jima a zaune da mai sana'ar jima, haka “ku zo duka” da “ya sha duka”. Wane yaro ne a ƙasar Hausa ya taɓa rikita su? Babu, don da kunne ya koye su kafin ya san alli. Ajami ma ya fi boko gaskiya a nan, don yana nuna tsawon wasali da alif da wau da ya, kuma da malaman da suka rasa wasalin e cikin ukun Larabci, sai suka ɗauki ɗigon imala suka ba shi aikin. Bargery, a ƙamus ɗinsa na 1934, sai da ya ƙara alamu bisa boko kafin ya iya nuna wa baƙo abin da kowane ɗan goyo ya sani. Ashe tun a gida kun san harafi ba shi ne murya ba, sai a ajin Turanci a ke so ku mance.

Wannan kuwa jari ne a hannunku. Mai raba jima da jima ba zai sha wuyar raba ship da sheep ba, ko live da leave, mai raba duka da duka ya kama hanyar raba full da fool, ko da ya ke a Ingilishi ba tsawo kaɗai ne bambancin ba, gajeren ya kan zo da harshe a ɗan sake. Gajeren a namu ya yi kusa da wasalin cut, dogon ya yi kusa da na cart. Harsuna da yawa a duniya ba su ba masu su wannan guzuri ba. Abubakar Tafawa Balewa, da ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya saboda daɗin Ingilishinsa, ba a Ingila aka haife shi ba, a ƙasar Bauchi ne. Jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba 1960 yana nan a naɗe, ku nema ku saurara.

Inda mu ke da aiki na gaskiya wurare kaɗan ne, kuma gara a faɗe su a fili. Akwai wasalin cat, wanda ke tsakanin a da e namu. Akwai wasalin bird, wanda ba mu da shi sam: harshe a kwance a tsakiyar baki, leɓɓa a sake, a ja murya. Rashinsa ne ke sa heart da hurt da hat da hut su zama ɗaya. Shi ne kuma ke cikin work, ko da ya ke da o aka rubuta ta, alhali walk da aka rubuta da a ita ce mai wasalin board. Ka ga inda ido ke yaudara ƙiri-ƙiri: mai bin rubutu sai ya aika mutum yawo alhali aiki ya ke nufi. Akwai let da late, akwai cot da caught da coat. Akwai kuma halinmu na cusa wasali inda babu shi, don Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso. Halin nan ne ya haifa mana burodi da bokiti da asibiti, kalmomi masu kyau, sun zama namu, ba mai ƙwace su. Amma in kana Ingilishi, school gaɓa ɗaya ce, ba sukul ba.

Mafi girma duka shi ne wani wasali da ba shi da harafi nasa ko ɗaya, ga shi kuwa ya fi kowane wasali yawan fitowa a maganar Ingilishi. Masana suna kiransa shuwa, suna ne daga Ibrananci, ba ruwansa da Shuwa Larabawan Barno. Ni kam raggon wasali na ke kiransa, don ba ya motsa leɓe, ba ya ɗaga harshe. Shi ne a farkon about, a ƙarshen teacher da doctor da colour, a tsakiyar support da pencil a bakin masu yawa. Ingilishi ya kan zaɓi gaɓa ɗaya a kalma ya danna ta, sauran ya bar su su yi laushi, wasulansu su narke su koma raggon nan. Mu kuwa mun saba ba kowace gaɓa hakkinta cikakke. Ka saurari photograph da photography: haruffa kusan ɗaya, amma da nauyi ya tashi daga gaɓar farko ya koma ta biyu, wasula duka suka sauya. Littafin da ya ce wasula biyar ne bai ko san da zaman wannan ba.

Na san abin da waɗansu za su ce. Na farko zai ce, “Rubutu ke cin jarrabawa, furuci ado ne.” Ina ba shi amsa da cewa jarrabawa kwana kaɗan ce, magana kuwa har tsufa. Ma'aikaciyar asibiti da aka faɗa wa fifteen ta ji fifty, ko ɗan kasuwa da ya ce thirteen aka ji thirty, ba ado suka rasa ba. Ita kanta jarrabawar fita sakandare a Nijeriya tana da takarda ta furuci, amma dubi yadda a ke yin ta: yaro ya zauna shiru, ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, ya fita bai buɗe baki ba, ba a kuwa karanta masa kome ya ji ba. Wannan gwada iya iyo ne a tudu. Yaro ya kan haddace cewa work da bird wasalinsu ɗaya, ya ci maki, ya fito ya furta su yadda ya ga dama.

Na biyu ya fi hujja. Zai ce, “Ingilishi ya daina zama na Ingila kaɗai. Mutanen Amurka suna furta r a bird, da yawansu ba su raba cot da caught. Mutanen Sikotlan ba su raba pull da pool. A Ingila ma tsirarun mutane ke yin furucin nan na littafi. Don me za mu wahalar da kanmu?” Duk gaskiya ne, kuma ban ce ku zama mutanen Landan ba. Hasali ma ba abin da ya fi muni a kunnena kamar saurayin da ke karya harshe, yana magana ta hanci don a ce ya waye, alhali heart da hurt ɗinsa ɗaya ne. Ya sayi rawani bai sayi wando ba. Ka yi Ingilishi da muryarka ta gida, a ji ka a san inda ka fito, ba abin kunya a ciki. Amma mutumin Sikotlan da ya haɗe kalma biyu ya riƙe sauran bambance-bambancen da ke sa a gane shi. Zubar da kwabo ɗaya daga aljihu dabam, zubar da goma sha biyar cikin ashirin dabam. Ma'aunin shi ne, in ka yi magana da mutumin Akara ko na Nairobi ko na Delhi, ya gane kalmar da ka nufa ba tare da ya ce ka maimaita ba.

Na uku zai ce, “To, su gyara rubutunsu mana.” An gwada. Noah Webster na Amurka, mai ƙamus na 1828, ya ɗan rage haruffa, kamar u ta cikin colour, amma bai taɓa gindin matsalar ba. Marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw, da ya rasu a 1950, ya bar wasiyya a ƙago sababbin haruffa. Aka ƙago guda 48, aka buga littafinsa ɗaya da su a 1962, maganar ba ta yi nisa ba. Ba kuwa za ta yi ba, don in za a rubuta yadda a ke faɗi, bakin wa za a bi, na Landan ko na Niyok ko na Legas? Ban da haka, tsohon rubutun yana da amfaninsa, shi ke nuna wa ido cewa nation da national 'yan gida ɗaya ne, ko da ya ke kunne ya ji wasulansu dabam. Kada ku zauna jiran gyara.

Maganin yana hannunku tuntuni. A 1886 waɗansu malaman harsuna, Paul Passy na kan gaba, suka kafa ƙungiya a Faris, bayan shekara biyu suka fito da haruffan furuci, inda kowace murya ke da alamarta ɗaya tak. Daniel Jones na Landan ya yi amfani da su ya buga ƙamus na furucin Ingilishi a 1917, ana kuwa ta sabunta shi. Su ne 'yan alamun nan da ku ke gani kusa da kowace kalma a ƙamus ɗinku, ku ke tsallake su kamar kashin kaza. Alamu ashirin ne na wasula, wanda ya haddace jadawalin sau goma sha biyu ba zai kasa su cikin mako biyu ba. Kakanninku sai sun sami Bature a gabansu su ke jin furucin. Ku kuwa ga rediyo, ga waya a hannu, ƙamus na intanet yana faɗa muku kalma da murya sau nawa ku ke so, ba ya gajiya, ba ya rankwashi.

Ga malamai, roƙona biyu ne. A gyara waƙar nan ta ƙananan aji, a ce haruffan wasali biyar ne, muryoyinsu ashirin. Kuma duk sabuwar kalma, malam ya faɗe ta sau uku, yara su maimaita, kafin alli ya taɓa allo. Ku kuma, kowa ya nemi abokinsa bayan an tashi, su rubuta hat, heart, hut, hurt, hot a takarda biyu. Ɗaya ya juya baya don kada ya ga bakin ɗan'uwansa, ɗaya ya riƙa faɗin kalmomin a hargitse, mai sauraro yana nuna wadda ya ji da yatsa. In an yi sau goma a jere ba kuskure, sai a sauya wuri, gobe kuma a ɗauko work da walk.